Raddi ga masu cewa kunya ta hana a yi wa mai ciki gargaɗi

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, mun ji waɗansu daga cikinmu suna cewa zancen taba da giya da ƙwaya ga mai ciki ba na bakin malami ba ne, wai kunya ta hana, wai kuma matanmu ba su san waɗannan ba. Duka biyun ɓatattu ne.

Amma kunya, to, wane malami ne ba ya karantar da babin haila da biƙi a Ahalari, yara suna ji? Mai Risala kuwa ya ambaci mai ciki da sunanta, ya ba ta izinin ajiye azumin Ramalana in ta ji wa ɗanta tsoro. Shari'ar da ta jinkirta farilla domin ɗan tayi, ita za ta ce a yi shiru ana shayar da shi dafi? Shehu Usmanu, Allah ya jiƙan shi, ya zargi malamai masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u kuma ta naɗa jajis suna kai wa mata karatu har ƙauyuka.

Amma cewa ba su sani ba, wannan rufe ido ne. Rahoton ƙidayar Nijeriya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shan ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A 2018 ɗin ne hukuma ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba tana shiga gidan kulle a cikin lullubi, kamar yadda gishiri ke shiga.

Ku sani, ɗan tayi ba ya ci da baki, ba ya numfashi da hanci. Abincinsa da iskarsa daga jinin uwa suke zuwa, ta mabiyiya da cibiya. Hayaƙin taba yana tsuke jijiyoyin nan, yana rage iskar da ke cikin jini, sai a haifi yaro ƙanƙane, ko bakwaini, ko a yi ɓari. Hayaƙin da miji ya busa a ɗaki shi ma yana shiga jininta. Shisha taba ce, ko an zuba mata ƙamshin tuffa. Giya kuwa, burukutu ce ko ta kwalba, tana isa ga yaro yadda ta isa ga uwa, hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba, sai ta taɓa ƙwaƙwalwa, taɓin da ba ya warkewa. Likitocin Amurka sun sa wa wannan ciwo suna tun 1973. Mai shan kodin ko taramol, ɗanta yakan fito da sabon abin a jikinsa: kuka mai tsini, karkarwa, ƙin mama. Sa'an nan a ce iska ce ko mayu, a zo zaurenmu, malam ya karɓi sadaka ya ba da rubutu, bai tambayi kome ba. Wannan cin amana ne.

Wani zai ce, ai mun faɗa haramun ne, ya isa. Bai isa ba. Wadda aka yi wa tsinuwa ɓoyewa take yi, ba dainawa ba. Kuma wadda jikinta ya saba da ƙwaya ko giya, in ta yanke rana ɗaya ba da sanin likita ba, tana iya cutar da kanta da cikin. Abin da ya wajaba shi ne mijinta ya kai ta awon ciki, ta faɗi gaskiyar abin da take sha, a rufa mata asiri.

Kowane malami ya karantar da wannan ga iyalinsa, su isar ga ungozoma da maƙwabta. Almajiri mai iya karatu ya karanta wa gyatumarsa takardan nan. Mai taba kuwa ya fita da ita waje. Wassalamu.