Sharhi: Koriya ta Kudu Tsakanin Nema da Kashewa

Lokacin da aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya a 1953, Koriya ta Kudu na cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. A farkon shekarun 1960 abin da kowane ɗan ƙasar ke samu a shekara bai wuce dala 100 ba. Yanzu kuwa ya haura dala 30,000, kuma kayan Samsung da LG da motocin Hyundai da Kia sun cika kasuwanninmu.

Wannan ci gaba bai faɗo daga sama ba. Tun daga shirin raya ƙasa na shekara biyar da gwamnatin Park Chung-hee ta ƙaddamar a 1962, aka sa bankuna ba masana'antun da ke fitar da kaya ƙetare rance mai rahusa, aka taƙaita shigo da kayan alatu, aka kwaɗaitar da jama'a ga tanadi. Hatta fita waje yawon buɗe ido ba a sakar wa kowa da kowa mara ba sai a 1989.

To amma da wadata ta zo, sai hali ya sauya. Manyan kamfanoni suka yi ta cin bashi, har guguwar 1997 ta tilasta wa ƙasar neman agajin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka fito da zinariyarsu a 1998 domin taimaka wa ƙasa, kamfanin Daewoo kuma ya durƙushe a 1999. Don farfaɗo da ciniki, hukuma ta sassauta dokokin katin bashi, sai ga shi a 2003 mutane sama da miliyan 3 sun kasa biyan abin da ake binsu. Har yanzu bashin magidanta na cikin mafi nauyi a duniya, tsadar gidaje da kuɗin karatun yara kuma na daga cikin abin da ya jawo matsakaicin haihuwa ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023.

A ganinmu, darasin a fili yake ga ɗan kasuwa. Koriyawa sun ƙera sun sayar kafin su soma sayen alatu, shi ya sa suka iya biyan bashin Asusun a 2001. Wanda ya kwaikwayi kashe kuɗinsu ba tare da masana'antunsu ba, faɗuwarsa ba za ta zo da sauƙin tashi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.