Ta Nawa Ta Zo? Maganar Katin Sakamakon Yaranmu

Ƙarshen zangon da ya wuce ƙanwata 'yar aji uku ta kawo katin sakamako shagon Baba a kasuwar Kugiya, nan Bukuru. Baba ya juya katin gaba da baya, ya ce, "To ta nawa ta zo?" Babu. Makarantarsu ta daina rubuta na ɗaya da na biyu. An jera abubuwa ne: karatu, haɗa jimla, tarawa, debewa, kowanne da alamar ta ƙware, tana kan hanya, ko tana buƙatar taimako. Baba ya ce wannan ɓoye gaskiya ne, kuma yawancin maƙwabtansa a kasuwa haka suka ce.

Ban ga laifinsu ba. Kakanninmu sun zo nan ne saboda kuza, amma har yau takardar shaidar asalin jiha wahala take mana. Iyayenmu sun san ɗansu sai ya fi kowa kafin a dube shi. Shi ya sa suke son lamba, kamar yadda ɗan kasuwa yake son ganin jimillar ciniki da yamma.

Amma ni ina ganin sabon katin ya fi gaskiya. Na sha zuwa na uku a firamare, a ajin da rabinmu ba ma iya karanta shafi ɗaya. Sai da na shiga sakandare asiri ya tonu. Na ukun nan bai taɓa gaya wa Baba ban iya rabawa ba. Katin ƙanwata kuwa ya faɗa ƙarara: karatunta lafiya lau, debewa ce matsala. Ko a shago, wanda ya san wane kaya ne ke kwantai ya fi wanda jimilla kawai ya sani.

Kuma abin ba baƙo ba ne. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka ce a riƙa auna yaro a kai a kai, ba da jarrabawa ɗaya ba. A Amurka ma makarantu da yawa suna ba da 1 zuwa 4 a kan kowace fasaha, iyayen can ma sun yi ƙorafi.

Sai dai da sharaɗi. Idan malami zai zauna dare ɗaya ya cike katin yara sittin da ka, gara tsohon tsarin. Kuma ya kamata makarantu su yi wa iyaye bayani da Hausa a taron iyaye da malamai, don katin da uba bai gane ba takarda ce kawai.

Shawarata ga iyayenmu: a je makaranta a tambayi malami, "Me ta iya, me ya rage?" Ni dai yanzu kullum bayan la'asar ƙanwata ke lissafa canjin masu saye, Baba na dubawa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.