Iqaluit da Nuuk: kusa a taswira, nesa a tikiti

Tsakanin Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut na Kanada, da Nuuk, babban birnin Girinlan, akwai tazarar kilomita 800 da 'yan kai, kusan daidai da ta Kano da Legas. Mashigin tekun Davis ne ya raba su. Mafi yawan mazauna yankunan biyu Inuit ne, harsunansu 'yan gida ɗaya, kuma ƙaramin jirgi mai farfela kan haye ruwan cikin kimanin awa biyu.

Amma shekara da shekaru wanda ya tashi daga Iqaluit zai ziyarci Nuuk sai ya fara gangarawa Ottawa, tafiyar fiye da kilomita 2,000 zuwa kudu, daga nan ya nemi jirgin da zai ƙetare da shi Atlantika zuwa Reykjavik ko Kwapanhagan, sannan ya juyo da baya. Tafiyar hantsi ta zama ta kwana biyu ko uku, da kuɗin masauki da na canjin jirgi.

Ƙanƙara da hazo suna da nasu laifin, sai dai ba su ne suka zana wannan hanya ba. An shimfiɗa layukan jiragen Arewa ne domin su haɗa kowane yanki da fadar da ke mulkinsa: Nunavut da Ottawa, Girinlan da Kwapanhagan. Likita da alƙali da akwatin wasiƙa duk daga kudu suke zuwa, don haka jirgin ma kudu ya fuskanta. Ɗan Afirka ta Yamma da ya taɓa bi ta Kasabalanka ko Adis Ababa kafin ya isa ƙasar maƙwabta ba ya bukatar dogon bayani a nan.

An sha gwada gyara. Kamfanin Air Greenland ya yi jigila kai tsaye a lokacin zafi daga 2012 zuwa 2014, ya janye saboda ƙarancin fasinja. A watan Yunin 2024 ya dawo, sau ɗaya a mako, na 'yan watanni, da jirgin Dash 8 wanda kujerunsa ba su kai 40 ba.

Masu cewa kasuwa ta riga ta yanke hukunci suna da hujja. Mutanen Iqaluit ba su kai 10,000 ba, na Nuuk kuwa kimanin 20,000 ne, ga Nunavut na fama da ƙarancin gidaje wanda ya fi tikitin jirgi gaggawa. To amma babu titin mota da ya haɗa ko ɗaya daga garuruwa 25 na Nunavut da sauran Kanada. Jirgin sama shi ne titinsu, kuma ba a taɓa neman titin karkara ya kawo riba kafin a zuba masa kwalta ba. Norwe ta daɗe da fahimtar haka, tana biyan tallafi domin ƙananan jirage su ci gaba da sauka a garuruwan Finnmark. Ga kuma wani abu: layin da ake buɗewa bana a rufe baɗi ba ya tara fasinja, domin ɗan kasuwa ko ɗalibi ba zai ɗora shirinsa a kan jirgin da bai tabbata zai same shi ba.

Abin da ya kamata gwamnatocin Nunavut da Girinlan su yi shi ne su ɗaure layin da yarjejeniyar shekaru da dama, su raba giɓin kuɗin a tsakaninsu, har da watannin hunturu. Nuuk ta buɗe sabon filin jirgi mai titin mita 2,200 a Nuwamban 2024, kuma a 2025 jirgi ya fara zuwa mata kai tsaye daga Newark ta Amurka, birnin da ya fi Iqaluit nisa da ita fiye da ninki uku.