Mai ɗaki a gona ba abin dariya ba ne

Ya ɗan uwa mai karatu, yau faɗa zan yi. In kana cikin masu dariyar nan, to da kai nake.

Ka san mutumin da nake nufi. Garuruwa da yawa suna da irinsa, daga Adar har Damagaram. Ya yi shekara ashirin ko talatin yana aiki a Arlit. Da can in ya zo hutu, yara su bi shi, manya su yi masa shimfiɗa. Yanzu ya dawo ke nan. Bai gina gidan siminti a bakin kasuwa ba. Ya wuce gonar ubansa, ya kafa ɗaki guda na ƙasa, ba wuta, ba famfo. Ku kuwa kun zauna a inuwa kuna cewa: "Ga mai shan ruwan ƙanƙara ya koma ga randa." Kun ce ya faɗi.

Bai faɗi ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa ya fi naku.

Ka san mece ce Arlit? Kafin 1969 babu gari a wurin, hamada ce. Saboda ƙarfen yuraniyom aka gina ta. Kamfanin SOMAIR ya fara fidda ƙarfen a 1971. COMINAK ta bi baya a Akokan a 1978. Kamfani ya gina wa ma'aikatansa gidaje, ya ba su wuta da ruwa kyauta. Daɗi ne, ba mai musu. Amma gero ba ya fitowa a Arlit, don ruwan sama ba ya isa. Buhun hatsi sai mota ta kawo shi daga kudu. Daga Tawa kaɗai tafiyar ta fi kilomita 600. Gari ne da ke ci daga albashi.

Ran 31 ga watan Maris na 2021, COMINAK ta rufe, don ƙarfen ramin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Mahauci ya ji a jikinsa. Tela ya ji, mai tuwo ta ji. Wutar kyauta kuwa tare da aiki take. Kayan aro ba ya rufe katara. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Faransa, Orano. To, ko a hannun wa rami yake, ba ya haihuwa. Abin da aka ɗebe ba ya komawa. Gona kuwa, in ka ba ta taki, baɗi ma tana nan.

Ga wani abu da masu dariya ba su sani ba. A Arlit ɗin kanta akwai unguwannin da ake kira Bukkoki. Can talakawan da suka je neman aiki suka yi ɗakuna da gangunan ƙarfe da kwali, suna hangen fitilun kamfani daga nesa. Kuma a ƙasar nan tamu, da ƙarfenta ya haska biranen Faransa shekara da shekaru, cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke da lantarki. Kai mai dariya, fitilar me kake kunnawa da dare?

Yanzu bari in juya gare ka, kai da ke Arlit ko Akokan kana shawarar komawa gona. Ba zan ruɗe ka ba. Zaman gona ba hutu ba ne. Ƴaƴanka a gari aka haife su, ba su taɓa riƙe hauya ba. Matarka ta saba da famfo, kuma ita ce za ta ɗauki tulu. Ka yi shawara da ita tun kafin ka ɗaura kaya. Ka auna nisan makaranta da gidan likita da ƙafarka.

Kada ka fara da ɗaki. Fara da rijiya. Dubi mutanen duwatsun Abzin, maƙwabtan Arlit. A Timiya suna noman lemo da rumman. A Tabelot albasa ce, har motoci ke lodinta zuwa kudu. Ba wutar kamfani ta yi musu wannan ba. Rijiya ce, da raƙumi ko sa mai jan guga, sannan inji ya zo, yanzu kuma ga faranti mai aiki da hasken rana. Faranti ƙarami ma ya isa fitila biyu da cajin waya, kuma ba mai aiko maka takardar kuɗin wuta.

Bayan ruwa sai takarda. Ka yi shekaru ba ka nan, wataƙila wani ke noma gonar. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, kuma akwai kwamitin filaye a ƙauyuka da komin. Je wurin mai gari da shaidu, a rubuta iyakarka. Ai don irin wannan rana ka koyi karatu. Karanta da kanka kafin ka sa hannu.

Sai magana mafi nauyi. Kada ka kwaso tsofaffin ƙarafa daga Arlit don ka yi rufi ko ƙofa. A 2003 masu bincike na CRIIRAD, daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, sun auna ƙarafan da ake saidawa a garin. Sun taras wasu na ɗauke da gubar yuraniyom. Gubar nan ba a ganinta, ba ta da wari, wanki da sabulu ba ya tabbatar maka ta fita. Arahar banza ce. Kada ka kai ta inda jikokinka za su kwana, balle ka sa a ƙera maka tukunya da ita.

Ba sai da kwano ko azara ake rufin ɗaki ba. Tun 1980 aka fara gini ba itace a Cikal, wajen Filinge, daga baya aka yi shi a Iferwan. Tubalin ƙasa ne zalla, a ɗora shi a zagaye har ya haɗe a sama kamar ƙwarya a kife. Ba a sare giginya, gara ba ta samun abin ci, kuma ya fi kwano sanyi da bazara. Sai dai ya zama maginin da ya koya ne, kuma a riƙa yaɓe kafin damina. An horar da magina da dama a ƙasar nan. Ka tambaya.

Kai kuma mai dariya, gobe in ka bi ta gonar mutumin nan, kada ka tsaya daga nesa. Ƙarasa ka yi masa sallama. Tambaye shi rijiyarsa gaba nawa ce, kuma daga ina ya samo ƙarfen ƙofarsa.