«Babu rezo»: laifin da ake ɗora wa waya alhali na takarda ne

Babu maganar da ta fi «babu rezo» yawo a bakin ma'aikata a ƴan shekarun nan. Daga Yamai har Damagaram, ɗan kasuwar da ya zo biyan haraji, da ma'aikacin da ya zo karɓar takardar albashinsa, da direban da motarsa ke tsaye da kaya tun jiya, duk amsa guda ake ba su, su kuwa su juya su tafi, domin kowa ya ɗauki rezo kamar ruwan sama, ba a tuhumar wani don ya ƙi zuwa. Wani lokaci gaskiya ce. Amma sau da dama waya lafiya lau take, intanet na nan, shafin biron ma yana buɗewa har ya nuna tambarinsa. Sai an danna neman dosiye ne allo zai cika da rubutun Ingilishi, da lamba 500 a samansa. Wannan ba ciwon rezo ba ne. Manhajar ce ta nemi rumbun bayananta ta rasa, kuma dalilin rashin yakan zama ƴan haruffa a cikin wata takarda da ba ta cika shafi guda ba.

Abubuwa uku ne ke aiki tare a bayan allon da ma'aikaci ke dubawa. Akwai manhaja, wato ita ce mai nuna gurabun da ake cikewa. Akwai rumbun bayanai, inda sunaye da lissafin kuɗi ke ajiye, irin su MySQL, PostgreSQL da Oracle. Sannan akwai uwar garke, wadda manhajar ke zaune a cikinta. Ga manhajojin da aka rubuta da harshen Java, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su ita ce Tomcat, wadda ma'anar sunanta muzuru. A kamfanin Sun Microsystems na Amurka aka soma rubuta ta, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 1999, kuma kyauta ake samun ta, abin da ya sa ƴan kwangila ke son ta. Manhajar DHIS2 ta jami'ar Oslo, wadda ma'aikatun kiwon lafiya na ƙasashen Afirka da yawa ke tattara alƙalumansu da ita, har da na Nijar, a kan Tomcat da PostgreSQL take tafiya.

Ɗan kasuwa ya san al'adar fatoma. Baƙon da ya sauka a gari ba ya yawo yana neman sito da kansa. Sunan abin da yake so yake faɗa wa mai masaukinsa, shi kuwa ya san inda siton yake, da wanda ke riƙe da makulli. Haka aka tsara aikin nan. Manhaja ba ta riƙe adireshin rumbu ko kalmar sirrinsa. Suna kawai take da shi, misali jdbc/Albashi, sai ta tambayi Tomcat, ita kuma ta duba rajistarta, wadda ake kira JNDI, ta miƙa mata hanya. Hikimar tsarin a fili take: in an sauya wa rumbu wuri, takardar Tomcat kaɗai za a gyara, ba sai an kira wanda ya rubuta manhajar ba. Rauninsa ma a nan yake, domin sunan nan dole ya zo iri ɗaya a wuri uku: a cikin manhajar, a cikin takardarta mai suna web.xml, da kuma takardar Tomcat, context.xml ko server.xml. Na'ura ba ta da kara. A wurinta Albashi da babban baƙi da albashi da ƙarami sunaye biyu ne da ba su haɗa dangi ba.

Abin da ke sa a kwana uku a kan gyaran minti goma shi ne ba a karanta abin da na'urar ta faɗa. Tomcat na da kundin da take rubuta duk abin da ya same ta, a cikin jakar logs, kuma a kwamfutocin Linux ana yawan samun sa da sunan catalina.out. Rubutun kan yi tsawo har ya tsorata mutum, amma layukan da suka fara da «Caused by» su ne ke da amfani, musamman na ƙarshensu. Saƙonnin da ake gamuwa da su kaɗan ne, kuma kowane na nuna matakin da tafiyar ta tsaya.

Na farko shi ne mai cewa sunan «is not bound in this Context», wato fatoma ya duba rajista bai ga sunan ba. A nan ba a ma kai ga rumbu ba, saboda haka mai kashe rumbu yana kunnawa ɓata lokacinsa yake. Ko dai an yi kuskuren harafi, ko kuwa manhajar ta manta ta sa java:comp/env a gaban sunan, wanda shi ne kamar sunan unguwa a adireshi. Wannan na yawan faruwa ga manhajar da aka ɗauko daga wata uwar garke mai sassauci aka dasa a Tomcat.

Na biyu shi ne ya fi wahalar da mutane, ya kuma fi dacewa a daɗe a kansa. Rubutunsa: «Cannot create JDBC driver of class '' for connect URL 'null'». Mai gyara na ganin kalmar direba sai ya bazama neman direba, ya sauko da wani, ya sake saukowa da wani, abu ya ƙi. Alhali kuwa saƙon ya faɗi gaskiyarsa ƙarara: sunan direban fanko ne, adireshin rumbun ma fanko ne. Ma'ana, an ga sunan a cikin web.xml, amma da aka bi shi babu komi a bayansa, kamar buhun da aka rubuta wa suna aka manta ba a zuba hatsi ba. Hanyoyi uku ne suka fi kawo wannan. Wani ya rubuta bayanin rumbun a sashen GlobalNamingResources na server.xml, wanda na gidan gaba ɗaya ne, ya manta cewa kowace manhaja sai an ba ta izini da layin ResourceLink kafin ta gan shi. Wani kuma ya kwafo misali daga intanet bai duba shekarunsa ba: har zuwa Tomcat 5.0 ana zuba bayanan a wani sashe dabam mai suna ResourceParams, daga 5.5 aka mayar da su cikin layin Resource kansa, sabuwar kuwa ba ta kula da tsohon salon. Ta uku ta fi ban haushi. Mai gyara ya gyara context.xml da ke cikin manhajar, ya duba sau goma, daidai take, amma ba ita Tomcat ke karantawa ba, domin akwai wata takarda mai sunan manhajar a cikin conf/Catalina/localhost, kuma in tana nan ita ce ke da rinjaye. Tomcat 6 kan kwafi takardar zuwa can da kanta, tsohon kwafin ya zauna shekara da shekaru yana mulki ba wanda ya tuna da shi.

Direban da ake magana kuwa tafinta ne tsakanin Java da rumbu, kowane irin rumbu da nasa. In shi ne ya ɓace da gaske, saƙon zai ce «Cannot load JDBC driver class», ya kuma ambaci sunansa. Maganin a sa fayil ɗinsa a jakar lib ta Tomcat, a sake kunna ta. A 5.5 jakar common/lib ce, wanda ya bi tsohon littafi zai ajiye shi inda ba mai dubawa.

Sai an wuce waɗannan ne ake isa ƙofar rumbu, kuma a nan kaɗai rezo ke iya zama mai laifi. Saƙon kan ambaci PoolableConnectionFactory, sannan ya kawo dalili a gabansa. In ya ce an hana shiga, sunan mai shiga ne ko kalmar sirri ba daidai ba. In ya ce an ƙi haɗi, rumbun ne a kashe, ko an nufi ƙofar da ba tasa ba: MySQL a 3306 yake saurare, PostgreSQL a 5432, Oracle a 1521. Akwai wani salon wannan ciwo da birori suka sani sarai a watannin zafi, lokacin da kuran ke yawan ɗaukewa. Wuta ta dawo, kwamfutar Tomcat ta riga ta rumbu tashi, manhaja ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba, sai ta ƙi tashi gaba ɗaya. Bayan minti biyu rumbu ya farka, amma ita ta riga ta yi zuciya. Sake kunna Tomcat kaɗai ya isa. Abin da ya kamata shi ne a tsara tashin nasu bi da bi tun farko, a kuma ba kwamfutar rumbu adireshin da ba ya sauyawa, don kada kowace ɗaukewar wuta ta mayar da ita wani gida.

Akwai kuma ciwon da ba ya nuna kansa ranar da ake gwaji gaban darakta, sai ranar da jama'a suka cika. Buɗe hanya zuwa rumbu na cin lokaci, saboda haka Tomcat kan tanadi wasu hanyoyi a buɗe tana ba da aro, kamar gugunan da aka rataye a bakin rijiya: ka ɗauka, ka ja ruwa, ka mayar. In ba a faɗi adadinsu ba, 8 ne. A Tomcat 7 da na gabanta kalmar ƙara adadin ita ce maxActive; daga Tomcat 8, wadda ta fito a 2014, sai ta koma maxTotal, haka maxWait ta koma maxWaitMillis. Wanda ya sabunta uwar garke ya bar tsohuwar takarda yana zaton guga 100 gare shi, alhali 8 ne, kuma gargaɗin na nan rubuce a kundin da bai buɗe ba. Ƙarshen wata ya zo, ma'aikata talatin na shigar da lissafi lokaci guda, shafi ya tsaya yana juyi ba ya cewa komi. To, wa zai hana a ce rezo ne? In kuma manhajar ce ke ɗaukar guga ba ta mayarwa, ko an sa 500 za su ƙare, sai dai a jinkirta ranar. Wannan gyara na marubucinta ne, kuma cikin garantinsa ya kamata ya faɗo.

Mai kama da shi shi ne ciwon safiya. MySQL kan rufe duk hanyar da ta yi daƙiƙa 28.800, wato awa 8, ba a taɓa ta ba. Tsakanin tashi daga aiki da komowa washegari ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda haka ma'aikacin da ya fara zama da safe shi ke karɓar mataccen guga. A tsofaffin Tomcat layi guda ke magance shi, validationQuery, wanda ke sa a gwada hanyar kafin a ba da ita.

Ba a ce darakta ko mai kamfanin sufuri ya koyi rubuta XML ba. Amma akwai tambayoyin da ke cikin ikonsa, kuma yin su kaɗai kan sauya halin mai kula da na'ura. Shafin farko na buɗewa? In yana buɗewa, a bar maganar rezo. Me layin ƙarshe na kundin ya ce? Me aka taɓa jiya? Irin wannan tsari da wuya ya lalace haka kawai. Galibi wani ne ya sabunta wani abu, ko ya sauya kalmar sirri, ko ya ɗauke kwamfuta daga wani ɗaki zuwa wani. Ma'aikacin da ya san za a tambaye shi waɗannan ba zai sami faɗuwar da ta zo daidai da zama ba.

Maganar sabuntawa ma tana da nata tarko. Apache ta daina kula da Tomcat 7 a ƙarshen Maris 2021, da 8.5 a ƙarshen Maris 2024, saboda haka biron da ke kansu ba ya ƙara samun gyaran tsaro. Sai dai tsallakawa zuwa Tomcat 10 ko 11 ba sauya riga ba ce. Bayan da kamfanin Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya miƙa wannan ɓangare na Java ga gidauniyar Eclipse a 2017, sunayen da ke farawa da javax da yawa sun koma jakarta, kuma manhajar da aka rubuta don Tomcat 9 ba ta tashi a kan 10 sai an juya ta. Amma ba duka suka koma ba: javax.sql.DataSource, wanda shi ne ake rubutawa a layin rumbu, yana nan da sunansa. Mai gaggawar da ya sauya kowace javax a takardunsa ya karya abin da ke lafiya da hannunsa.

Inda gwamnati da ƴan kasuwa suka fi yin asara shi ne ranar karɓar aiki. Ɗan kwangila ya girka, ya nuna shafi na buɗewa, aka sa hannu, aka biya shi, ya tafi da duk abin da ya sani a cikin kansa. Bayan shekara guda abu ya tsaya, lambarsa ba ta shiga. Takardar da za ta hana wannan ba ta wuce shafi biyu ba: wace Tomcat ce aka girka, a wace takarda aka rubuta bayanin rumbu, da wane suna, wane direba, guga nawa, wace kwamfuta ke fara tashi, sannan kwafin takardun a ajiye wurin da ba cikin na'urar ba. Bai kamata a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila ba sai an karɓe ta, an kuma ga wani ma'aikacin gida ya bi ta ya tayar da tsarin da kansa. Abin lura kuma, kalmar sirrin rumbu a fili take rubuce cikin takardar Tomcat, duk wanda ya iya buɗe takardar ya karanta ta. Ranar da ɗan kwangila ko ma'aikaci ya bar aiki ya wajaba a sauya ta, a wuri biyu kuma lokaci guda, a rumbu da cikin takardar, sannan a sake kunna Tomcat a gwada neman dosiye ɗaya kafin a rufe biro.