Mai Hali Ya Zagaye Shinge, Talaka Ya Kwana A Bakinsa

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina. Ni manomi ne, ina kuma taɓa sayen albasa da tafarnuwa a kasuwar Achida ina aikawa Kudu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, duk lokacin da ɓarayin daji suka yi ɓarna a yankinmu sai ka ji wasu a rediyo suna cewa a sake rufe sabis ɗin waya. To ni na ga rufewa iri biyu a shekara ɗaya, bari in ba da labarin yadda kowace ta kasance.

Ta farko ita ce ta watan Yuni na 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta toshe Twitter, wadda yanzu ake ce wa X, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, har ya yi barazanar gurfanar da masu keta dokar. Ni ban taɓa shiga Twitter ba. Amma ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya zo gida a kwanakin, na tarar da shi yana ta karanta ta. Na ce masa, "Kai, ba an ce an rufe wannan abu ba?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ƙofa ɗaya anka rufe, mu ko ta baya muka shiga." Ya nuna mini wata manhaja a wayarsa, wai ita VPN.

Yadda ya fahimtar da ni shi ne: ka ɗauka an sa shinge a hanyar kasuwa, an ce duk wanda ya ce can za shi a mayar da shi. Sai ka ƙulle kayanka cikin buhu ka ce wa mai shinge wani gari za ka. Ka isa garin, daga can wani ya wuce da kai kasuwar. Haka VPN ke yi. Tana ƙulle saƙonka ta kai shi wata kwamfuta a Amurka ko Jamus ko Ingila, daga can a buɗe maka shafin da aka toshe. Kamfanin layinka yana ganin ka fita, amma bai san inda ka nufa ba. Da haka 'yan birni suka yi ta harkarsu har aka buɗe Twitter ranar 13 ga Janairu, 2022, bayan wata bakwai.

Ta biyu ita ce ta taɓa mu. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe na Zamfara, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ba da sanarwar an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. Na tuna da dabarar ƙanena, na aika masa ya zo ya sa mini VPN ɗin nan. Ya ce, "Yaya, wannan karon ba ƙofa anka rufe ba, hanyar ce anka naɗe gaba ɗaya." Ashe VPN sai da sabis take aiki. In babu sabis, ita da babu duk ɗaya.

Edita, jiki magayi. Masu POS suka rufe runfunansu. Mai sayen kayana a Kudu ya turo kuɗi, ba ni da halin ganin alat. Ya nemi ya shaida mini farashi ya faɗi kada in yi lodi, bai same ni ba, na yi lodi na tafka asara. In kana son kira ɗaya sai ka biya kuɗin mota ka nufi wajen Sakkwato, kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. 'Yan uwanmu na bakin iyaka kuwa layin Nijar suka koma saye. To in talaka mai neman gaida ɗansa ya gano layin Nijar, ɗan bindiga mai kuɗin fansa a aljihu shi zai kasa ganowa? Shi ya zagaye, mu kuwa ko jami'an tsaro ba mu iya kira.

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, ana cikin wannan rufewa, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. Allah ya jiƙansu da rahama. Ban ce rashin sabis ne ya kashe su ba, kwana ne ya ƙare. Amma rufewar ba ta tsare su ba, wannan kowa shaida ne.

Ba na musun cewa hukuma da kyakkyawar niyya ta yi, domin akwai masu tsegunta wa ɓarayi labari ta waya, kuma a cikinmu suke. Sai dai maganinsu shi ne a bi layukansu a kama su, tunda an sa kowa ya haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa. Hukuncin kan mai uwa da wabi ba ya kama mai laifi.

Ina kuma jan kunnen 'yan uwana 'yan kasuwa. Yanzu yara na sa wa mutane VPN ta kyauta a wajen masu cajin waya, wasu ma da sunan samun data ta banza. Ku yi hattara. Wanda ka ba buhunka ya ɗaukar maka ya san inda kake zuwa, kuma ba ka san ko wane ne shi ba. Wata manhajar ma ta ɓarayi ce, an yi mata rigar VPN. Tana cin batir, tana sa waya nauyi. Kada ka sa wadda ba ka san asalinta ba a wayar da kake harkar banki da ita, kada kuma ka ba kowa lambobinka na sirri.

Daga ƙarshe ina kira ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu na Wurno da Rabah da Goronyo, in an sake kawo shawarar rufe sabis su tuna da 2021. A ƙaro mana jami'an tsaro, a bar mana wayar da za mu kira su da ita. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Naku,
Wani manomi mai sayar da albasa,
Achida, Ƙaramar Hukumar Wurno,
Jihar Sakkwato.