Baƙin Allo Ba Ajalin Kwamfuta Ba Ne

Sau da yawa mutum yakan sake ɗora wa kwamfutarsa Windows yana kyautata zaton ya yi mata magani, amma da ya kunna sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka tana ta juyawa, nan take ya yanke hukunci cewa ajalinta ya zo, alhali galibi illar ƙarama ce. A ra'ayina, hikima ita ce a fara da mafi sauƙi: a zare filashin da aka yi aikin da shi, domin na'urar takan koma neman tashi daga gare shi; sa'an nan a shiga BIOS a tabbatar ba a bar ta a tsohuwar hanyar Legacy ba, alhali faifan ajiyarta an tsara shi bisa GPT, wanda ke tafiya da UEFI, sharaɗin Windows 11 tun fitowarta a 2021. In kuwa tambarin Windows ya bayyana kafin duhun ya sauka, to, a tuhumi direban hoto, a shiga Safe Mode a cire shi, a sa na kamfanin da ya ƙera katin hoton, Intel ko Nvidia ko AMD. Ya ɗan'uwa, ka bi waɗannan ukun daki-daki kafin ka sayar da kwamfutarka da arha.